Filin Tambayoyinku: Mama ta ce zaman dadi ne, Kawu ya ce wulakanci ne

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haduwa. Wannan satin wasiku biyu kawai zan iya dauka, saboda ta farkon ta cinye min fili, ta biyun kuma sai na ga kamar daga daya bangaren gidan aka rubuto ta duk da masu wasikun ba su san juna ba. Sauran da suka turo a yi min hakuri sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA

Salam Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Wata magana ce take nema ta raba mamana da yayanta kuma wallahi ni ce a tsakiya bansan ya zanyi ba. Ana gab da fara yakin basasar Najeriya kakana ya kwaso iyalinsa cikin dare daga garin da yake aiki, ba su fito da komai ba sai akwati daya da kan keken dinkin kakata, suka sauka gidan wani abokinsa da suka taba aiki tare, ba dangi bane ko na nesa. An ce sati biyu za su yi amma sai da suka shekara biyu da wata hudu. Su bakwai a daki daya, an daura igiya an rataya zannuwa biyu, shine bangon da ya raba manya da yara. Lokacin mamana tana shekara 5 shi kuma Kawu yana da 13.

To Anti in Mama ta fara bada labarin nan har wani haske fuskarta take yi, ta ce bata taba jin dadin rayuwa kamar lokacin ba, yara goma sha daya a gida daya, in an kashe fitila su yi ta wasan buya, matar gidan da suke kira Inna ta dora ta a cinya tana mata tatsuniya har tayi barci. Shi kuwa Kawu in aka tabo zancen tashi yake ya bar wurin. Ranar da na matsa masa ya ce min har yau in ya ji karar makullai jikinsa sai yayi sanyi, saboda makullin sito a bakin zanin matar gidan yake daure, kakata sai ta tsaya ta jira a bude a auna mata. Ya ce shi ke debo ruwan gida biyu kullum da asuba, shekara guda cur bai je makaranta ba, kuma da kunnensa ya ji matar tana cewa da makwabciya su wadannan ba ranar tafiya. Har keken dinkin ma sun saba, Mama ta ce sace shi aka yi, Kawu ya ce karya ne sayarwa aka yi.

Yanzu 'yar gidan, wadda suka yi wasa da Mama, ta nemo mu ta Facebook tana so a sada zumunci har ta gayyace mu. Mama ta ce ko a kafa sai ta je, Kawu ya ce duk wanda ya taka gidan bai san darajar uwarsa ba. Wata biyu kenan ba sa magana sai gaisuwa. Kakannina duk sun rasu babu wanda za a tambaya. Anti waye yake tuna gaskiya a cikinsu?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Nasan so kike na daga hannun mutum daya kamar alkalin dambe, to ba zan daga ba, ba wai tsoron fadin gaskiya nake ba, a'a, yadda kika zayyano min maganar babu makaryaci a cikinsu. Gida daya suka zauna amma ba abu daya suka gani ba, kuma abinda ya raba su shekara takwas din nan ne da ke tsakaninsu.

Ki duba fa. Yarinya 'yar shekara 5 me take nema a duniya? Ta ga uwarta kusa, ta samu abokan wasa, ta samu cinyar da za ta kwanta. Duka ukun ta samu, har da kari. Dakin da Kawu yake kallo a matsayin kurkuku ita a wurinta gata ne, ta bude ido ta ga uwa ta ga uba ta ga yayye duk hannu zai iya kai musu. Shi kuwa dan shekara 13 ya riga ya san gidansu na da, ya san babansa mai albashi ne da ake gaisarwa, sai gashi yana kallon uban nan yana rage murya a gidan wani. A shekarun nan ne yaro ya fi jin kunya a rayuwarsa, ya yi girman da zai gane komai amma bai yi girman da zai iya gyara komai ba, sai dai ya dauki bokiti ya tafi rijiya yana hadiyar abin.

Wannan ba a gidanku aka fara ba. A Ingila ranar 1 ga Satumba 1939, kwana biyu kafin su shelanta yaki da Jamus, gwamnati ta fara kwashe mutane daga manyan birane irinsu Landan zuwa kauyuka saboda tsoron bama-bamai, cikin 'yan kwanaki aka kwashe kusan mutum miliyan daya da rabi, yawanci 'yan makaranta da mata masu goyo, kowane yaro an makala masa takarda mai sunansa a jikin riga kamar kunshin kaya. Kuma can ba alfarma bace, doka ce, in kana da daki a gidanka jami'i zai kawo maka baki, gwamnati ta rika biyanka sule 10 da sisi a sati in yaro daya ne, in sun fi daya sule 8 da sisi kowanne. To duk da ana biya, kin san su waye suka fara gudu suka koma? Matan da suka zo da 'ya'yansu. Kafin watan Janairun 1940 mafi yawansu sun tattara sun koma birni, wani bangare saboda bam din da ake tsoro bai fara sauka ba tukuna, wani bangaren kuma saboda mace biyu a kicin daya, daya mai gida daya 'yar alfarma, abu ne da ko Baturiya bata iya jurewa ba. Har mace ta gwammace ta koma inda ake tsoron bam da ta ci gaba da neman izini kafin ta dora tukunya. Kakarki ita bata da inda za ta koma, shi yasa ta tsaya a bakin siton nan wata ashirin da takwas.

Akwai wata mata Anna Freud, 'yar shahararren likitan kwakwalwar nan Sigmund Freud, ita ma gudun hijira ya kawo ta Landan daga Biyenna a 1938. Ita da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham suka bude gidajen renon yaran da yaki ya daidaita a unguwar Hampstead, suka rika rubuta abinda suke gani kullum. Abinda suka lura da shi shine kananan yara basu cika razana da karar bam ba in dai uwar tana kusa kuma hankalinta a kwance, abinda ke karya su shine a raba su da uwa, ko su ga tsoro a fuskarta. Wato yaro karami fuskar uwarsa yake karantawa ya san ko duniya lafiya. To yanzu ki koma kan labarin mamanki ki sake kallonsa. In har ta fito daga shekara biyun nan tana cewa dadi ta ji, ai wani ne ya biya kudin dadin. Kakarki ce ta rika shanye abin ta juyo da fuska a sake, kuma Kawun da kike gani yana cikin wadanda suka yi wa kanwarsa katanga, shi ya ji maganar makwabciya bai zo ya fada mata ba. Ni da zan samu Kawu abinda zan fada masa kenan, Malam wannan farin cikin da kanwarka take tunawa har da guminka a ciki, ba raina wahalarka take yi ba, shaida ce cewa aikin da kuka yi ya yi kyau.

Batun keken dinki kuwa, nan kam zan dan karkata, Kawu na fi yarda da shi. Ba don namiji bane ko babba, sai don irin maganar ce da ake fada wa karamin yaro. An wayi gari babu keke, yarinya ta tambaya, wace uwa ce za ta tsaya tana mata bayanin bashi da kudin magani? Sai a ce barawo ya dauke, shikenan a wuce wurin. Kuma ita kwakwalwa ba kaset bace da za a mayar baya a ji yadda aka dauka, duk lokacin da mutum ya tuna abu sake gina shi yake yi, yana cike gurbi da abinda aka fada masa. Yawancin mutane ba sa iya tuna komai kafin shekara 3, daga nan zuwa wajen 7 ma guntu-guntu ne. A 1995 wata mai bincike a Amurka, Elizabeth Loftus, ta gwada mutum 24, aka hada baki da danginsu aka ba su labarin karya cewa sun taba bata a wata katuwar kasuwa suna yara, kusan daya cikin hudu suka dawo suna cewa eh sun tuna, wasu har da karin bayani daga kansu. Don haka in Mama ta rantse miki ta tuna daren da aka yi satar kar ki ce mata makaryaciya, tana iya ganinsa a ranta tar kamar jiya.

Amma shi ma Kawu bai kubuta ba. Bacin rai shi ma yana tace labari. Kwana sama da dari takwas suka yi a gidan, jimla daya ya rike, su wadannan ba ranar tafiya. Ban ce bata fada ba, na yarda ta fada, kuma ta yi zafi. Amma matar da ta fadi haka ita ce dai bata kore su ba washegari, ba ta kore su bayan wata shida ba, ta ci gaba da bude siton nan tana aunawa mutum bakwai da ba ta hada jini da su ba a lokacin da komai ya yi tsada kuma ita ma tana da nata bakunan da za ta ciyar. Makullin da yake tsorata shi, ni da nake rike da gida na san me yake nufi, in ba a kulle an auna ba abin wata daya sai ya kare a kwana goma kowa ya kwana da yunwa. Zo mu zauna zo mu saba ne, harshe da hakori ma suna sabawa balle mata biyu da yara goma sha daya da bayan gida daya.

Akwai wani abu kuma da nake zargi, zargi ne fa kawai. Kin ce Mama a cinyar matar gidan take barci, Inna take kiranta. Kawu yana iya yiwuwa ya ga yadda hakan yake sosa ran mahaifiyarsu, ta rasa gidanta ta rasa sana'arta sannan 'yar autarta ta koma cinyar wadda take auna mata abinci. A Finlan lokacin yakin duniya na biyu an tura yara fiye da 70,000 zuwa makwabta, yawanci Suwidin, da aka gama yaki da yawa sun dawo sun manta yarensu suna kukan iyayen rikonsu, dubbai kuma ba su dawo ba sam. Son da yaro yake yi wa wanda ya rike shi na gaske ne, zafin da uwar take ji shi ma na gaske ne. Watakila wannan ne ainihin abinda yake nufi da darajar uwa, ba sito ba.

Abinda zan ba ki shawara, ki daina hada su wuri daya kina neman a fitar da gaskiya, ba kotu kike ba. Ki dauki wayarki ki je wurin kowa shi kadai ki ce so kike ki ajiye wa jikoki, ki kunna rikoda. Kar ki tambayi ya kuka ji, wannan tambayar bata bude bakin tsoho. Ki tambayi kananan abubuwa, ina kofar dakin take kallo, waye yake kwana ta bakin kofa, zannuwan da aka rataya wane launi ne, rijiyar tana da nisa, ranar da za ku bar gidan wa ya rako ku mota. In Kawu ya yi shiru ki bar shi da shirunsa kar ki cike masa, in ya ce ya isa ki kashe. Kuma in ya fadi abinda ya saba da na Mama kar ki ce ai Mama cewa ta yi kaza, ki rubuta duka biyun ki sa sunan mai maganar da shekarunsa a lokacin. Ko BBC da ta tattara labaran mutanen da suka ga yakin duniya na biyu tsakanin 2003 da 2006, labari wajen 47,000 ta samu, kowa nasa ya bayar yadda ya tuna aka ajiye a haka. Kuma ki yi sauri dan Allah, yakin basasar nan ya kare tun Janairun 1970, wanda yake da 13 a lokacin da suka fito yanzu ya haura saba'in.

Zuwa gayyata kuwa, Mama ta je abinta, kawarta ce ta yarinta kuma ita 'yar gidan bata daure makulli a zaninta ba, yarinya ce ita ma a lokacin. Amma kar a tilasta Kawu, kar kuma a dawo ana masa gorin ai mutanen kirki ne kai ne mai riko. Ki raka ta, ki tafi da wayar, don akwai labari na uku a can da babu wanda ya taba ji a gidanku.

TAMBAYA

Malama barka da aiki. Ni namu akasin na mutane ne, mu aka sauka wa. Ina dan shekara 9 mahaifina ya kawo wasu mutane da yaki ya koro, aka fitar da ni da kannena daga dakinmu aka ba su, muka koma kwana a zaure sama da shekara, har katifata aka ba tsohuwarsu. Da abin ya lafa suka tafi, Allah ya buda musu sosai, amma ko da mahaifina ya rasu babu wanda ya zo ta'aziyya a cikinsu. Yanzu na tsufa amma abin yana raina, har in na ga ana neman a taimaki 'yan gudun hijira sai na ji zuciyata ta ki. Ina da laifi?

AMSA

Baba ina gaisuwa, Allah ya jikan mahaifinka ya sa abinda ya yi ya zame masa haske. Jin zafin ba laifi bane. Kai ma an dauki wani abu naka ba a tambaye ka ba, kuma yaran masu masauki su ne wadanda kowa yake mantawa da su a irin wannan labarin, ana yabon mai gida ana tausayin bako, shi kuwa yaron da ya koma zaure cikin sanyi ba mai ce masa sannu. To ni na ce maka sannu.

Saukar da bako dama bata taba zama abu mai sauki ba ko ga mutanen da suka fi mu. Ka tuna da Annabi (SAW) ya yi hijira zuwa Madina gidan Abu Ayyub al-Ansari ya sauka na wasu watanni, shi a kasa su a sama, wata rana tulun ruwa ya fashe musu a saman, Abu Ayyub da matarsa suka dauki mayafin da suke rufa da shi suka rika tsane ruwan don kar ya diga kasa. Da soyayya suka yi, amma duk da haka a takure suke a cikin gidansu, ko motsi sai sun yi a hankali. Kuma ka tuna lokacin da Sa'ad bin Rabi'i ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba Abdurrahman bin Auf rabi, Abdurrahman addu'a ya yi masa ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Mai mutunci zaman alfarma yana masa nauyi ko da a hannun dan uwa na gari ne.

Nan nake so ka dan tsaya. Rashin zuwa ta'aziyya kuskure ne babba in har labari ya kai musu, ba zan wanke su ba. Amma ba kullum butulci ne ke hana irin wadannan mutane dawowa ba, wani lokacin kunya ce. Gidanku shine wurin da ya gan su a ranar da ba su da komai, zaurenku ya san sirrinsu, wani in ya tuna kofar gidan ma kirjinsa bugawa yake. Ka karanta wasikar da ke sama ka ga Kawun yarinyar nan, shekara sama da hamsin amma karar makulli tana hana shi sukuni, kuma na tabbata mutanen gidan da suka sauke su suna can suna cewa mun rike su shekara biyu ko waiwaye. Sannan manyan da suka san nauyin alherin watakila sun riga mahaifinka tafiya, yaran kuma ba a fada musu katifar waye kakarsu ta kwana a kai ba.

In kana da hanyar samun wani a cikinsu, ko ta 'ya'yanka masu waya, ka aika da gaisuwa kawai ba tare da gori ba, ka ce dan gidan wane ne, wanda ya koma zaure. Ka ga me zai dawo. In ba su amsa ba ka san inda ka ajiye su. Su kuma wadanda ake nema wa taimako yau ba su ne suka ki zuwa ta'aziyya ba Baba, in zuciyarka bata kai ga bada daki ba, ba dole, ka bada tabarma.

Mai son ya turo tambaya ya turo kafin Laraba, kuma dan Allah a rika rubuta shekaru, yana taimaka min wurin amsa.